Zuma a Kan Allo: Uwa, Ƙananan Yara da Karatu a Cikin Unguwa

Laccar da aka gabatar a taron iyaye na wata makarantar Islamiyya ta matan aure a Hayin Banki, Kaduna



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Mai Unguwa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugabar wannan makaranta da malamanta, iyayena mata da ke sahun gaba, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma, sannunku da zuwa.

Na san abin da kowaccenku ta baro a gida kafin ta zauna a kan wannan benci. Wata ta rage wuta a ƙarƙashin tukunya, wata ta bar wanki a jiƙe, wata ta miƙa wa maƙwabciya yaro ta ce yanzu zan dawo. Saboda haka ba zan yi wasa da lokacinku ba. Magana guda na zo da ita: son karatu yana shiga zuciyar yaro tun yana kan cinyar uwarsa, kafin ya san hanyar makaranta, kuma uwa ba ta iya riƙe wannan amana ita kaɗai sai unguwa ta kama mata. Zan kawo misali daga gidajenmu na nan, zan kuma kawo daga gidan wata Bayahudiya da Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da ita a ƙasar Ingila.

Wunin uwa a Hayin Banki

Uwa a unguwar nan takan riga ladan tashi. In an kawo wuta cikin dare, tun ƙarfe uku tana tsaye tana guga. Ana sallame Asuba a hura gawayi, a dama koko, a aika a sayo ƙosai, a leƙa waje ko mai ruwa ya turo kurarsa. Wannan ya ɓatar da safa, wancan ya ƙi sa takalmi, na goye yana neman nono. Bakwai da rabi an sallami 'yan boko, wasu a ƙafa, wasu a keke. Daga nan shara, wanke-wanke, wanki, sannan sana'a: mai ɗinki ta hau keke, mai awara ta tace waken suya, mai zoɓo ta hau ƙulli, mai kitso ta shimfiɗa tabarma. In Talata ce a ruga kasuwar Kawo neman sauƙin kayan miya. Azahar yara sun dawo, a ci abinci, a watsa ruwa, a ɗauki jaka sai Islamiyya. Kafin su taso tuwon dare yana kan wuta. Isha'i na yi, jiki ya yi tuɓus.

Duk wanda ya dubi wannan baiwar Allah ya ce ba ta damu da ilimin 'ya'yanta ba, ya ɗauki alhakinta. Sau nawa ribar awara ta biya kuɗin Laraba? Sau nawa aka sayar da zani aka sayi littafin rubutu?

Haka kuma wanda ya ce matan Arewa ba sa karatu, bai shiga ɗakunanmu ba. Tun da Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, aka zo zamanin Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa, mata ne ƙashin bayan kasuwar littattafan Hausa, su ke rubutawa, su ke saye, su ke karɓar haya. Da yawanmu mun karanta littafi da fitilar ƙwai har mai ya ƙare. Yanzu karatun ya koma cikin waya, ana bin labari shafi-shafi a WhatsApp. To, a nan gizo ke saƙar. Lokacin da muke riƙe da littafi, yaro yana ganin bango da hoto, yana jin ƙarar buɗe shafi, ya zo ya leƙa ya ce, “Umma, mene ne wannan?” Yau bayan waya kawai yake gani. Bai san uwarsa karatu take yi ba. Abin da ya fahimta shi ne akwai wani ƙaramin abu mai haske da ya fi shi samun idon Umma.

A rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa. Da yawan waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, da riga mai guga da jaka a baya. Ki gwada yau da dare: miƙa wa ɗanki na aji huɗu takardar da bai taɓa gani ba, ki ce ya karanta miki, sannan ki tambaye shi me aka ce. Abin da kika ji shi ne gaskiyar inda muke.

Maƙwabciyata ta Manchesta

Shekarun baya maigidana ya tafi ƙaro ilimi Ingila, na bi shi da yara biyu da cikin na uku. Muka sauka a arewacin birnin Manchesta, gefen unguwar Cheetham Hill, inda Musulmi suke da yawa, masallatai da mahautan halal ko'ina. Birnin nan shi ne na biyu a yawan Yahudawa a Birtaniya, bayan Landan. Gidan da ya haɗa bango da namu na wata Bayahudiya ne mai riƙo da addininta. Kullum kanta a rufe, tufafinta har ƙasa, 'ya'ya biyar reras, babbansu bai kai shekara tara ba. Wata da watanni ba mu wuce ɗaga wa juna kai ba. Ina ɗauke da abin da aka faɗa min a kansu, ita ma tana ɗauke da abin da aka faɗa mata a kanmu.

Sai na haihu cikin tsananin sanyi. Babu inna, babu gwaggo, babu mai dafa ruwan wanka, babu mai dama kunun kanwa. Kwana uku da dawowata gida na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, da tukunyar romon kaza a naɗe cikin tawul. Ta ce a wurinsu in mace ta haihu, matan unguwa kan raba kwanaki a tsakaninsu, kowace da ranar da za ta kai abinci, ta ga ni ba ni da kowa, shi ya sa ta sa ni a lissafinta. Na karɓi tukunyar nan hawaye na zuba, don ta tuna min da gida.

Na san akwai wadda zuciyarta ta yi nauyi tun da na ambaci Bayahudiya, saboda abin da idanunmu suka gani a Gaza. Ni ma na yi kukan yaran Falasɗinu, ina yi musu addu'a, ba kuma zan daina ba. Amma gwamnati da sojojinta daban, matar da ke jego a bayan katangarki daban. Mu mutanen Kaduna mun san abin da kuɗin goro ke jawowa. Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin maƙwabtan jiya, har yau ba mu gama ɗinke ɓarakar ba. Kuma addininmu bai hana mu ɗaukar abu mai amfani daga hannun wanda ba namu ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kusan rabin wata. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da abin fansa, in ya iya rubutu, fansarsa ita ce ya koya wa yaran Madina 10. Waɗannan fursunoni mushirikai ne da suka zo da takobi, duk da haka aka zaunar da 'ya'yan Musulmi a gabansu saboda darajar alƙalami.

Na ga abubuwa huɗu a gidan matar nan cikin shekara uku. Da na zauna na yi nazari, sai na tarar kowanne muna da irinsa a taskar iyayenmu, ƙura ce kawai ta rufe shi.

Zuma a kan harafi

Ranar da ɗanta na uku ya cika shekara uku, ta gayyace ni. Aka yi masa askin farko, aka naɗe shi a mayafin ibadar mahaifinsa, aka kai shi gaban malami. Malamin ya ɗora shi a cinya, ya ɗauko allo mai ɗauke da haruffan Ibrananci, ya ɗiga zuma a kansu. Ya faɗi harafi, yaro ya maimaita, sannan ya lashi zumar. Alef, bet, gimel, dalet. Ina jin haka na ce ai wannan abajada ce, don harshensu da Larabci 'yan gida ɗaya ne. Aka watsa wa yaron alewa, sauran yara suna wawaso suna dariya.

Al'adar tsohuwa ce, malamansu na ƙasar Jamus sun rubuta yadda ake yin ta tun kusan shekara 800 da suka wuce. A tsohon birnin Alƙahira ma, a ɗakin ajiyar takardu na wani wurin ibadarsu, an samu shafukan da ƙananan yara suka koyi rubutu a kai, wasu haruffan an ƙawata su da launi don su ja idon yaro. Manufar guda ce: ranar farko da yaro zai haɗu da harafi, ya tashi da zaƙi a bakinsa.

Mu ma mun san wannan hikimar. Wace ce a cikinmu ta manta ranar da aka sayo mata sabon allo, Malam ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta mata alu, ambaki, wau, zal? Daga babbaƙu a shiga farfaru, in an kai wata sura a yi sadakar waina ko tuwo, yara su ci su yi murna. Ranar sauka a zana zayyana mai ja da kore da ruwan ɗorawa a jikin allo, a zaga dangi da ita. Iyayenmu sun kewaye karatu da abinci da ado da shagali.

Yanzu fa? Yaro ɗan shekara uku yana rigima, sai uwa ta ce, “In ba ka yi shiru ba gobe in kai ka wurin Malam ya zane ka.” Mun mai da malami dodo, mun mai da makaranta gidan horo, tun yaro bai taka ƙofarta ba. Sannan mu zo muna mamakin yana ɓuya a bayan ƙyaure in lokacin tafiya ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da ƙarfin tsiya karya shi yake yi. 'Yan'uwana, zumar da ta fi kowace zuma a wurin ƙaramin yaro ita ce jikin uwarsa. In ya saba jin labari yana jingine da ƙirjinki, yana jin ɗuminki da muryarki, duk ranar da ya ga littafi wannan daɗin zai tuna.

Lokacin da aka yi wa shinge

Kowace Juma'a da yamma gidan maƙwabciyata kamar ana shirin biki yake. A yi wa yara wanka, a sa musu kayan ado, a gasa burodi mai kitso. Dab da faɗuwar rana ta kunna kyandir, ta rufe fuskarta da tafin hannu ta yi addu'a. Daga nan har taurari su fito daren Asabar, wajen awa 25, babu waya, babu talabijin, babu mota, babu girki, babu ciniki. Na tambaye ta me suke yi da yara biyar tsawon wannan lokaci. Ta nuna min kanta cike da littattafai a ƙasa-ƙasa, daidai tsawon hannun mai rarrafe, duk gefensu ya tauno. Ta ce su ci abinci, su je wurin ibada, su yi barci, su yi karatu. Sun raba Attaura kashi-kashi, kowane mako da nasa, a sauke ta cikin shekara. Yaran kan dawo daga makaranta da takardar tambayoyi a kan kashin makon, uban ya karanta a gaban abinci, su amsa.

Matar nan ba ta fi mu hutu ba. Na sha ganin ta da jariri a kafaɗa, wani yana jan zaninta, idonta ya yi zuru-zuru don rashin barci. Abin da ta fi mu shi ne lokacin karatun gidanta yana da shinge, kuma duk unguwarsu ce ta kafa shingen tare. Ba wanda zai kira ta a waya, don kowa ya ajiye tasa.

Ranar Asabar tasu ce, mu ba a ɗora mana ita ba. Amma wa ya kai mu sanin lokaci mai shinge? Sau biyar a wuni muke ajiye komai mu fuskanci alƙibla. A gidajen da muka taso, tsakanin Magariba da Isha'i lokacin tilawa ne, bayan an ci tuwo kuma lokacin tatsuniya. Ba wanda ya rubuta dokar, amma duk gari ya san ta. Yau wannan lokacin fassarar fim ɗin Indiya da TikTok sun cinye shi. Shingenmu yana nan, faɗuwa ya yi, ɗaga shi kawai za mu yi.

Yaro mai tambaya

A idinsu na tunawa da fitar Annabi Musa, alaihis salam, da Bani Isra'ila daga Masar, iyali kan zauna cin abincin dare a karanta labarin fitar. Ba a shiga labarin sai mafi ƙanƙanta a gidan ya miƙe ya yi tambayoyi huɗu a kan abubuwan da ya ga sun saɓa wa na kullum. Makonni ake yi ana koya masa. Manya masu furfura su yi tsit suna jiran ɗan shekara huɗu ya buɗe musu taro da tambaya.

Wannan ya tsaya min a rai, don na tuna sau nawa na ce wa nawa, “Kai, ka cika surutu,” ko “Yaro ba ya tambaya.” Kunya ado ce, ladabi kuma wajibi ne, ba na jayayya da wannan. Sai dai mu ne muka ce matambayi ba ya ɓata. Mu ne masu ƙulin ƙulifita, inda kaka ke jefa wa jikoki kacici-kacici su yi ta lalube, in sun gaza su ba ta gari. Mu ne masu “ga ta nan, ga ta nanku,” wadda ba ta tafiya sai yara sun amsa. A tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yaro yana koyon bin zaren labari, ya hango abin da zai faru, ya gane wayo da sakamakonsa. Wannan shi ne tushen fahimtar karatu, tun kafin harafi. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya hango haka, shi ya sa ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni har littafi 6 a farkon shekarun 1970. Yaron da aka toshe wa baki a gida, in ya je aji zai iya haddace shafi, amma ba zai tambayi shafin komai ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi damuna da mu. Maƙwabciyata ba ita kaɗai take renon masu karatu ba. A unguwarsu akwai gidajen da ake aron kaya kyauta, wannan na gadon jarirai, wancan na kayan biki, wani na littattafan yara. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya ake danganta wa wani shugabansu, Yusha'u ɗan Gamla, dokar a sa malaman yara a kowane gari, a kawo yaro tun yana shekara 6 ko 7, ko da maraya ne. A zamaninmu kuma, a 2005, wani attajirinsu a jihar Massachusetts ta Amurka, Harold Grinspoon, ya kafa shirin PJ Library, mai aika wa iyalai littafin yara kyauta kowane wata, don a karanta lokacin kwanciya. Ya fara da gidaje ƙalilan, yau shirin ya kai ƙasashe da dama. Shi ma aro ya yi daga mawaƙiya Dolly Parton, wadda ta fara raba wa yaran yankinsu littattafai a 1995.

A birnin Krakow na ƙasar Poland an yi wata tela, Sarah Schenirer. Ta ga ana tura maza makarantar addini an bar 'yan mata, alhali su ne iyayen gobe. A 1917 ta tara 'yan mata 25 a ɗakin ɗinkinta ta fara koya musu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu makarantun da suka tsiro daga ɗakin nan sun haura 200. Da yawan ɗalibansu sun halaka a kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, amma waɗanda suka tsira sun sake buɗe makarantun a wasu ƙasashe.

Da na ji labarinta sai na ce wa maƙwabciyata, mu tamu ta riga taku da kusan shekara 80. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata ta naɗa su jajis, ta ɗora musu malfa, su riƙa jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta. Ku lura da waɗanda ke cikin ayarin: tsofaffi da 'yan mata ƙanana. Mai goyo da mai jego suna gida, aiki ya riƙe su. Sai kaka da ƙanwa su yi tafiyar a madadinsu, su haddato waƙoƙin koyarwa na Nana, su dawo su zube musu a tsakar gida, ana daka ana karatu. Nana Asma'u ta san wunin uwa sarai, ba ta ɗora mata laifi ba, sai ta aika mata da ilimi har bakin murhu.

Littafin ma ba baƙonmu ba ne. Nan kusa da mu a Zariya aka shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. A nan Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Iyayenmu sun yi Yaƙi da Jahilci da fitila a hannu. Jikokinsu ne yau ake nema wa littafin Hausa na ɗan shekara huɗu, mai manyan haruffa da hotuna, a sha wuya kafin a samu.

Abin da za mu iya tun daga daren yau

Na farko, mu ɗaga shingen nan. Bayan sallar Isha'i, minti 15 kacal, a kife waya, a kashe talabijin, a tara yara a tabarma ɗaya. In matan layi guda suka yi alkawarin lokaci ɗaya, ba wadda za ta aiko a kira ki, ba yaron da zai ce gidan su wane ana kallo.

Na biyu, adashin littafi. Ba wanda zai koya wa matan Hayin Banki adashi. Mata 10 su haɗu, kowace ta sayi littafin yara guda ɗaya. Duk ranar Alhamis, da yake babu makarantar allo, a yi musaya. Cikin mako 10 kowane gida ya karanta littafi 10 da kuɗin guda. A zaɓi uwar adashi ta riƙe lissafi, in ya yage a liƙe, in ya yi maiƙo a goge. Littafin da yaro ya tauna ya fi wanda ke kulle a cikin sif amfani. Ina roƙon shugabar wannan makaranta ta ba mu kusurwa ɗaya da akwati ɗaya, masu hali na unguwa kuma su tuna cewa cika wannan akwati sadaka ce mai gudana.

Na uku, ga 'yar'uwata da ke cewa a ranta, “Ni ban yi boko ba.” Yaya, kina da baki, kina da tatsuniya, wataƙila kina da ajami. Buɗe littafin ki bi hotuna, ki tambayi yaro me yake gani. Ki zaunar da babban ya karanta miki kina tuƙa tuwo, in ya yi tuntuɓe ki ce ya sake, in ya gama ki sa masa albarka. Takardar sabulu da gwangwanin madara duk abin karantawa ne. In kun shiga mota daga Kawo zuwa Kasuwa, allunan shaguna sun ishe ku darasi. Mai babbar waya kuma ta nemi African Storybook a intanet, akwai labaran yara da Hausa kyauta, sai dai ki juyo da fuskar wayar wajen yaron, ku kalla tare.

Na huɗu, iyayenmu maza. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar cefane. Muna roƙon ku rage wa majalisa rabin awa ku ba tabarmar gida. In an yi tafiya Zariya ko Kano, a haɗa da littafi a cikin tsaraba, kusa da kilishi da alkaki. Ɗa namiji da bai taɓa ganin mahaifinsa riƙe da littafi ba, zai ɗauka karatu aikin mata da yara ne.

Na biyar, iyayena na sahun gaba, ku ne jajis ɗinmu na yau. Tatsuniyoyin da ke cikin kanku babu su a kowace waya. Ku shiga gidan mai jego da labari kamar yadda kuke shiga da kunu. Ku karɓi manyan yaran na ɗan lokaci, ita ta samu ta runtsa. 'Yan matanmu masu baiwar rubutu kuma, da ke zuba labarin soyayya shafi ɗari-ɗari, ku rubuta wa ƙannenku shafi 10 mai hoto. Suna jira.

Kammalawa

Bayan mun dawo gida, ranar da autana zai fara zuwa makarantar allo a nan unguwar, na tuna yaron can da zumarsa. Ban shafa zuma a allon ɗana ba, don ba al'adarmu ba ce. Sai na tuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, in an kawo masa jariri yakan tauna dabino ya shafa masa a baki, zaƙi ya zama farkon abin da ya ɗanɗana a duniya. Da yaron ya dawo da yamma, na ajiye muciya, na ɗora shi a cinya, na ce ya biya min abin da Malam ya rubuta. Ya sa ɗan yatsa a kan allo yana in'ina har ya kai ƙarshe. Na ɓare dabino na sa masa a baki, na ce Allah ya yi maka albarka. Washegari tun kafin in gama shara ya ɗauko allonsa yana tsaye a bakin ƙofa.

Dabino guda na kashe a ranar, da ɗan lokacin da bai kai na tafasar ruwa ba. Babu wadda ta rasa wannan a cikinmu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su zama masu karatu da aiki da shi. Allah ya sauƙaƙa wa kowace uwa nauyin da ke kanta, ya ba Kaduna da ƙasarmu zaman lafiya, ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu da suka ɗora mana alƙalami a hannu. Na ga rana ta yi sanyi, tukwane suna jiranmu. A sauka gida lafiya, a gaishe min da yara, in an sallame Isha'i a shimfiɗa musu tabarma.